Makaranta Don Kowa, Malami Kuma Na Wa? Sharhi Kan Gyaran Makaranta Da Horon Malamai A Madawa, Buza Da Keita

A shekarar 2004 aka soma wani shiri a jihar Tawa mai suna École Pour Tous, wato Makaranta Don Kowa, wanda ma'aikatar ilimi ta Nijar ta gudanar tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan. Manufarsa ita ce a raya kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES, waɗanda aka sauya wa suna zuwa CGDES a 2012. A kan ginshiƙai uku aka kafa shirin. Na farko, mutanen gari su zaɓi wakilansu ta hanyar ƙuri'ar asiri, maimakon a bar wa mai gari ko wani attajiri ya naɗa wanda ya ga dama. Na biyu, a zauna a bainar jama'a a tsara ayyukan da makaranta ke buƙata cikin shekara, a kuma aiwatar da su da abin da gari ya iya tarawa. Na uku, a riƙa bin sawun aikin. A 2007 aka bazu da wannan tsari ko'ina cikin ƙasa da tallafin Bankin Duniya, daga baya ma ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso da Madagaska suka are shi.

Shiri irin wannan, da ya haura shekara ashirin, ya isa a ɗora shi a kan sikeli. Abin da wannan sharhi zai duba shi ne matsayin malami cikin gyaran, musamman a gundumomin Madawa da Buza da Keita, domin a nan ne ƙarfin tsarin da rauninsa suka fi fitowa fili.

Abin da aka samu

Yabon gwani ya zama dole. Kafin wannan zamani, mutanen ƙauye da yawa na ɗaukar lakkol a matsayin kayan gwamnati, abin da aka gada daga Nasara, wanda ake ɓoye wa ɗiya idan lokacin ɗaukar sababbi ya zo. Kwamitin makaranta ya rage wannan tazara. Uwaye maza suka shiga kafa azuzuwan zana, ƙungiyoyin uwaye mata suka shiga bin gida-gida don a bar ƴan mata su yi karatu, aka kuma soma tambayar inda kuɗin makaranta ya shiga. A ƙasa baki ɗaya, yawan yaran da ke firamare ya tashi daga ƙasa da kashi 40 cikin 100 a shekarar 2000 zuwa sama da kashi 70 a farkon shekarun 2010, a zamanin shirin ilimi na shekara goma, PDDE, wanda aka soma a 2003. Kwamitocin suna da rabonsu a wannan nasara.

Sai dai cika aji daban, karatu daban. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. A binciken 2019 adadin ya tashi zuwa wajen kashi 30. Ci gaba ne, amma ma'anarsa ita ce har a lokacin, cikin yara goma da suka share shekara shida a kan benci, kusan bakwai ba su iya karanta rubutu su fahimce shi yadda ya kamata ba.

Iyakar ikon uwaye

Akwai gwajin da ya shafi jihar Tawa kai tsaye, wanda ya kamata kowane mai sha'awar wannan batu ya san da shi. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 aka ɗauki makarantu 1000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin rabinsu kuɗin tallafi, aka bar sauran rabin don a kwatanta. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka yi nazarin sakamakon. Sun tarar uwaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gine-gine da gyare-gyare, yaran ƙananan azuzuwa sun ƙara tsayawa. Amma makin yara a jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai kuwa ƙaruwa ma ya ɗan yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manomin albasa na kwarin Tarka yana iya auna ko an rufa aji da kyau, yana iya ƙidaya bencina, yana iya ganin ko malami ya zo ko bai zo ba. Abin da ba ya iya aunawa shi ne darasin da ake bayarwa cikin Faransanci, harshen da shi kansa bai ji. Idan kuwa ya tashi tsawata wa malami, malamin ya san ba kwamiti ya ɗauke shi aiki ba, ba kuma kwamiti ke biyansa ba. Ga shi a yankin Adar, da zarar an gama girbi, magidanta da dama sun tafi cirani Najeriya ko Kodebuwa ko Libiya, sai a bar taron makaranta a hannun tsofaffi da mata, waɗanda aikin gida da na garka ya riga ya yi musu yawa. Tsarin ya buɗe wa uwaye ƙofar makaranta, amma abin da ke gudana tsakanin malami da allo ya fi ƙarfinsu. Masu shirin ma sun gane haka, shi ya sa a shekarun 2010 suka ƙara wani sashe mai suna PMAQ, inda ake gwada yara a faɗa wa gari sakamakon, sannan a shirya karatun ƙari bayan an tashi. Wannan ya taimaka, amma karatun ƙari ba ya maye gurbin sa'o'in da yaro ke yi gaban malaminsa.

Yadda aka samo malamin

Tun 1998 Nijar ta soma ɗaukar masu sa kai a aikin koyarwa, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi, har suka kasance su ne mafi yawan malaman firamare. Hujjar gwamnati a bayyane take: baitulmali bai iya ɗaukar albashin cikakkun ma'aikata ga dubban azuzuwan da ake buɗewa. Ba a musun wannan hujja, domin ba don ƴan kwantaragi ba, da ƙauyuka da yawa na Karofan da Tabotaki da Garhanga ba su ga malami ba. Amma an biya farashi. Wasu sun bi ta makarantar horon malamai, irin ta Kawsen da ke Tawa, wasu kuwa da takardar BEPC kaɗai aka tura su aji, sai daga baya aka ba su horon gaggawa na ƴan makonni lokacin hutu.

A 2017, lokacin da Dauda Mamadu Marte ke riƙe da ma'aikatar ilimin firamare, aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa a Faransanci da lissafi, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Aka sallami dubbai, aka ware wasu don a ƙara musu horo. Jarrabawar ta tona gaskiyar da aka daɗe ana rufewa, ta wannan fuska tana da amfani. Amma tana da aibu biyu. Ta auna abin da malami ya sani a kan takarda, ba ta auna yadda yake koyar da yaro ɗan shekara bakwai haɗa baƙi da wasali ba. Sannan ta ɗora laifin duka a kan wanda aka ɗauka, ta ƙyale tsarin da ya ɗauke shi a haka, ya bar shi shekaru ba mai leƙa ajinsa.

Horon da ba ya isa aji

Hanyar da hukuma ta tanada don ƙara wa malami sani ita ce CAPED, wato zaman da malaman makarantun da ke kusa da juna ke yi don tattauna dabarun koyarwa, ƙarƙashin kulawar sufeto da mashawartan koyarwa. A kan takarda tsari ne mai kyau, domin ya amince cewa malami na iya koyo daga ɗan'uwansa malami. A aikace kuwa yana da cututtuka uku.

Ta farko, zaman ya dogara ga kuɗin abokan hulɗa na waje. Idan kuɗi ya zo a zauna, idan ya yanke a watse, har aka saba auna darajar horo da nauyin kuɗin zama. Ta biyu, sau da yawa daga sama ake aiko da batun da za a tattauna, iri ɗaya ga malamin tsakiyar Yamai da na ƙauyen Ibohaman, alhali damuwarsu ba ɗaya ba ce. Malamin ƙauye yana fama da aji biyu a rumfa guda, da shekarar karatu da ba ta kankama sai an girbe hatsi an sami karan yin zana, ta kuma ƙare da faɗuwar ruwan farko. A ƙasar Bangi da ke bakin iyakar Najeriya, ga kuma matsalar ƴan bindiga da ɗiyan ƴan gudun hijira da suka ƙaru a azuzuwa. Ta uku, wadda ta fi muni, ba mai bin malami aji ya ga ko abin da aka faɗa a taro ya zama aiki. Mashawarci guda mai makarantu barkatai tsakanin duwatsun Adar, idan ba babur ba mai, sai ya koma mai tattara rahoto.

Abin lura shi ne ƙasar Japan, wadda ta kawo tsarin kwamiti, ta shahara da wata al'ada ta dabam: malamai su shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran na kallo, sannan a zauna a warware abin da yara suka gane da abin da ya shige musu duhu. An ɗan taɓa wannan hanya a shirin SMASSE da aka soma a 2006 don malaman lissafi da kimiyya na kwaleji, amma ba ta kafu a firamaren ƙauye yadda kwamiti ya kafu ba.

Mutanen wannan yanki sun san darasin daga gonakinsu. Layukan dogon yaro da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska sun rayu ne saboda an sa masu gadi suna kare su daga bisashe a shekarun farko. Haka aikin raya ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, kuma inda aka ci gaba da gyaran shingayen nan ne ƙasa ta farfaɗo. Horon malami ma haka yake, kulawar da ke biyo bayansa ita ce rabin aikin.

Maganar harshe

Duk gyaran da ya tsallake harshe ya bar jaki yana dukan taiki. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna ɗaliban waɗannan makarantu ba su kasa takwarorinsu ba, sau da yawa ma sun fi su. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, kundin Refondation na 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma doka ba ta shiga aji sai ta bakin malami. Jin Hausa daban, iya rubuta ta bisa ƙa'ida da koyar da lissafi da ita daban. Yaron Buza yana cewa «hwara» da «tahi», littafi yana rubuta «fara» da «tafi». Malamin da ba a horar ba zai ɗauki wannan a matsayin kuskuren yaro, wanda aka horar kuwa zai mai da shi tsanin koyar da ƙa'idar rubutu. A ƙasar Keita kuma akwai azuzuwan da ɗiyan Hausawa da na Buzaye da na Fulani ke zaune a tabarma ɗaya, abin da ke buƙatar dabara ta musamman.

Abin da ya rage a yi

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin yankin ba. Zaman CAPED ya kamata ya koma cikin aji na gaske, da yara na gaske, a kan matsalar da malaman wurin suka zaɓa da kansu. Daraktan makaranta a rage masa cike takardu, a horar da shi ya zama mai kallon darasi da ba da shawara. Tarayyar kwamitoci ta kowace ƙaramar hukuma, daga Sabon Gida zuwa Tamaske, tana iya sa man babur na mashawarci da masaukin malami cikin tsarin ayyukanta, kamar yadda take sa zana da alli. Gwamnati kuwa nauyinta shi ne biyan ɗan kwantaragi a kan kari da buɗe masa hanyar zama cikakken ma'aikaci bisa ga ƙwazon da aka gani a ajinsa, domin mai jiran kuɗin wata ba ya natsuwa ya shirya darasi.

Ƙungiyoyin al'adu su ma suna da nasu kason. Cibiyar INDRAP da maɗaba'ar Albasa sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa, amma yaron da ya koyi haɗa baƙi a ƙauye sau da yawa ba ya samun abin karantawa bayan allon aji. Tattara tatsuniyoyi da tarihin garuruwan Adar da Gobir, a rubuta su bisa ƙa'ida daidai da ƙarfin yara, a kai su hannun malamai, aiki ne da marubuta da ƙungiyoyi ke iya somawa ba tare da jiran wani shiri daga waje ba.

Jihar Tawa ta nuna wa ƙasashe da dama yadda gari ke riƙe makarantarsa. Abin da ba a kammala ba shi ne riƙe malamin da ke cikinta, a horar da shi, a bi shi aji, a kuma mutunta shi. Sai an yi haka sunan Makaranta Don Kowa zai cika, har ya haɗa da yaron da ke zaune a layin baya yana kallon allo bai gane abin da aka rubuta ba.