Lissafin ruwan Rima da manhajar da ta ƙi tashi

A watan Satumban 2010 ambaliyar kogin Rima ta cinye gonaki tun daga Goronyo har Sakkwato, ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan dam ɗin Goronyo ya ja baya har hankalin manoman rani ya tashi. Mai albasa da shinkafa a fadamar Wurno da Dinawa yana buƙatar a yi masa lissafin ruwa tun kafin ya zuba iri, kuma da manhaja ake wannan aiki: SWAT don ruwan kogi, MODFLOW don na ƙarƙashin ƙasa, WRF don hasashen yanayi. Akasarinsu da harshen Fortran aka rubuta su.

Abin da ke damuna shi ne ɗabi'ar da ɗalibanmu suka ɗauka ta sauke manhaja a shirye, wadda wani ya riga ya harhaɗa a wata ƙasa, a kan wata na'ura. Ranar da na'ura ta canja, aiki ya tsaya cak, domin umarnin da furosesar Intel ko AMD ke ganewa daban yake da na ARM. ARM kuwa ta shigo da ƙarfinta. Apple ya koma kanta da M1 a 2020, a shekarar ce kuma Fugaku ta Japan ta zama kwamfuta mafi sauri a duniya da ita. Ita ce a cikin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ƙaramin faifan sola ke iya riƙewa. Mu da wuta ba ta zama mana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Dubi ɗalibin da ya harhaɗa WRF da gfortran, wato manhajar harhaɗa Fortran, alhali laburaren netCDF da ke cikin kwamfutarsa da kayan Intel aka gina shi. Lokacin haɗa sassan sai allo ya cika da saƙon kuskure, wrf.exe bai fito ba, ga batir na neman mutuwa. Wanda aka koya wa ginin ya san zai sake gina netCDF da gfortran ne kawai. Wanda ba a koya wa ba yakan jingine binciken.

Ko ta tashi ma, da sauran aiki. Furosesa biyu kan saɓa a lambobin ƙarshe na lissafi, kuma a hasashen yanayi ƙaramin saɓani yakan girma bayan kwanaki. Wanda bai san yadda aka gina manhajarsa ba, ta ina zai gane ko bambancin daga sama yake ko daga na'ura?

Ina roƙon sassan kimiyyar ƙasa da aikin gona a jami'o'inmu su ware makonni a zango, kowane ɗalibi ya gina MODFLOW daga tushe da hannunsa, sau ɗaya a kan Intel, sau ɗaya a kan ARM, sannan ya kwatanta amsoshin biyu.