Shaidar Duwatsun Birnin Kudu

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya bi ta Wudil zai iske Birnin Kudu a tsakanin duwatsu manya manya, wani bisa wani, sai ka ce da hannu aka jibga su. Garin yana cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano cikin shekarar 1991. Uku daga cikin duwatsun nan sun yi suna, watau Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Abu biyu ya ɗaukaka su: surorin shanu da mutanen dā suka zana a cikin kogon dutse, da waɗansu duwatsu masu amo kamar kuge in an ƙwanƙwasa su.

Galibin masu ba da labarin wurin daga shekarar 1955 su kan fara. A shekarar nan ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan ajiye kayan tarihi na Jos cikin 1952, ya lura da duwatsun kiɗan, ya kuma buga bayaninsu cikin 1956. Lalle ya cancanci yabo, gama ta hanyarsa ne masana na nesa suka ji labari, har Gwamnati ta sa zane-zanen cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana a taɓa. Amma fa masu cewa shi ya gano su sun yi kure. Duk dutsen kiɗa yana da gurabu inda duka ya lotsa shi har ya yi santsi, kowa kuwa ya san irin taurin dutse ya san wannan ba aikin shekara goma ko ashirin ba ne. Shi kansa Fagg ya tarar mutanen gari sun haɗa wuraren nan da al'adun bikin aure. Ashe masu wuri sun san abinsu tun kaka da kakanni. Baƙo ya zo ya rubuta, shi ke nan.

To, in an bar maganar masu labari aka dubi aikin mai zanen, sai a ga mutum ne wanda ya san saniya ƙwarai. Da jan launi ya fitar da ƙaho da gadon baya da ƙafafu, bai cika ado ba, amma makiyayi yana gani zai shaida dabbarsa. Saboda wannan ƙwarewa tasa ya kamata a gaskata shi cikin abin da ya fi ba da mamaki, watau da yawa daga cikin shanun nan ba su da tozo. Shanun da Filani ke kiwo a Kiyako da Gwaram, kamar bunaji da rahaji, duk masu tozo ne. Wanda ya iya ƙaho haka ba zai mance da tozo ba. Abin da ya gani shi ya zana. Irin shanun nan kuwa ba su ƙare a duniya ba. Akwai muturu a kudancin Nijeriya, gajeru masu jure cutar da tsando ke kawowa, akwai kuma kuri masu manyan ƙahoni a bakin Tafkin Chadi. A duwatsun Tassili, can cikin hamadar Aljeriya, an zana shanu marasa tozo da yawa. Nan kusa kuma, a Geji da Shira cikin Jihar Bauchi, akwai zane a jikin dutse. Wannan ya nuna an yi zamanin da dabbobin ƙasar nan dabam su ke da na yau.

Dutsen Dala ya sami malamai sun rubuta labarin Barbushe cikin Tarihin Kano. Duwatsun Birnin Kudu kuwa shaidarsu a jikinsu ta ke, kwafi ɗaya tak, in ya goge babu mai sake shi. Hayaƙin wuta yana baƙanta zane, mai fasa dutse yana iya hallaka cikin yini guda abin da ya daɗe ƙarni bisa ƙarni, haka kuma gawayin mai son ya ga sunansa a bango.

Nan ne maganar ta shafi wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci. Hannun da ya koyi rubutu ya kan yi marmarin gwadawa ko'ina, amma takarda ce wurin rubutu. Abin da ya fi kyau shi ne ya ɗauki fensir da littafi ya zauna gaban tsofaffin garinsu, maza da mata, ya tambaye su sunan kowane dutse, da dalilin sunan, da abin da a kan yi a wurin lokacin biki, ya rubuta yadda suka faɗa, kada ya ƙara ko ya rage. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. In an yi haka, labarin duwatsun nan zai daina farawa daga 1955, ya koma bakin masu shi. Allah ya sa a yi tun tsofaffin suna da rai, amin.