Jami'ar da Ba Ta da Dandali

Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. Wannan magana ta cancanci a sake auna ta, yanzu da ɗalibi zai iya zama a Matamaye, cikin gundumar Kance, ya bi darussan jami'a ta wayar hannu ba tare da ya taka zuwa Damagaram ko Yamai ba. Amfanin tsarin a fili yake. Malamin firamare da aka tura ƙauye, da matar aure da ba ta iya barin gida, da saurayin da ke taya mahaifinsa aikin garkar rake, duk sun sami ƙofar da a da take rufe. Sai dai akwai tambayar da ta rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu: idan darasi ya iso ta intanet, a ina rayuwar ɗalibai za ta zauna?

Karatu daga nesa ya daɗe a Afirka ta Yamma. Nijeriya ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1983, zamanin Shehu Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Senegal ta buɗe jami'arta ta intanet a 2013, daga baya Nijar ta kafa tata. Babbar damuwar da ta haifi irin waɗannan makarantu ita ce cunkoso da ƙarancin gurabe, saboda haka hankalinsu ya tafi ga darasi da jarrabawa. Al'adar ɗalibai kuwa an bar ta ta nemi wa kanta mafaka.

Tarihin Nijar ya nuna nauyin abin da aka bari. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai sun fito zanga-zanga a Yamai, aka harbe uku a gadar Kennedy. Wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda André Salifou ya shugabanta, masanin tarihin Damagaram kuma marubucin wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun, wanda jami'ar Damagaram take ɗauke da sunansa a yau. Ɗaliban nan sun san juna a ɗakin kwana da layin abinci da zauren taro kafin su haɗa murya. Akwai masu ganin cewa watsa ɗalibai gida-gida zai rage yajin karatu da asarar shekara, kuma iyayen da suka ga ƴaƴansu sun tsufa a jami'a ba za su raina wannan hujja ba. Amma zauren da ake kiran yaji a cikinsa, a nan ne ake koyon jayayya da zaɓen shugaba da haƙuri da ra'ayin wani.

A fagen fasaha asarar ta fi fitowa sarari. Wasan kwaikwayon Hausa na ƙasar Damagaram ya bunƙasa ne a dandalin samariya zamanin Seyni Kountché, musamman bayan bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976. Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, a wannan fage ya yi suna. Ba'amurkiya Janet Beik, a littafin da ta wallafa a 1987, ta nuna cewa ƴan wasan kan tsara labari tare, su gina maganganu da baki lokacin gwaji, ba tare da rubutaccen zance ba. Irin wannan fasaha da ƴan kallo take numfashi: dariyarsu ke tsawaita fitowa, shirunsu ke gajarta ta. Ɗalibin da ya ɗauki kansa a bidiyo cikin ɗaki ya tura wa rukunin WhatsApp ya adana hoton wasa, amma ya rasa mai gyara masa shi. Haka abin yake ga waƙar baka da kacici-kacici da muhawara.

Rukunonin wayar suna da nasu alheri. Ana raba darasi, ana tuna wa juna ranar jarrabawa, ana taya murna da jaje, kuma ɗalibar da kunya ke hana ta magana a bainar jama'a takan sami bakinta a rubuce. Illarsu ita ce wanda kuɗin katinsa ya ƙare, ko wuta ta ɗauke masa, ya fita daga jama'a ba tare da kowa ya lura da gurbinsa ba.

Senegal ta fahimci wannan tun farko. Jami'arta, wadda yanzu take ɗauke da sunan marubuci Cheikh Hamidou Kane, ta buɗe cibiyoyi a garuruwa kamar Kolda da Kaolack da Ziguinchor, inda ɗalibai ke samun kwamfuta da intanet, su kuma ga juna ido da ido. Buɗaɗɗiyar jami'ar Nijeriya ma tana da cibiyoyin karatu a Kano da Katsina.

Matamaye ba sai ta jira sabon gini ba. Ajin sakandare da ke zama fanko da yamma ya isa ya tara ɗaliban nesa sau ɗaya a mako, su yi karatu tare, su yi muhawara da Hausa da Faransanci, su shirya wasa guda a shekara a gaban mutanen gari. Malamai ne ke riƙe da mabuɗan ajin, tsofaffin ƴan samariya kuma suna riƙe da sanin yadda ake tsayawa a dandali, ga shi kuwa shekaru suna ja da su. Jami'a za ta aiko da takardar shaida ta intanet. Ragowar tarbiyyar ɗalibi tana hannun garin da yake zaune a cikinsa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.