Shaihu Umar Daga Littafi Zuwa Fim: Tsokaci a Kan Muryar Mai Ba da Labari

Wannan tsokaci ya samo asali ne daga hirar da na yi da wasu dattawan 'yan albasa a Kasuwar Shasha ta Ibadan, garin da aiki ya kawo ni. Da aka ambaci Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), abin da suka fara tunawa shi ne wahalar da mahaifiyar Umar ta sha wajen neman ɗanta, domin mazaunin baƙunci ya san zafin rabuwa.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda aka sabunta aka nuna a Berlin a 2018. A littafin, Umar ne ke ba da labari, har da abin da bai gani da idonsa ba, kuma wannan rauni ne ta fuskar tsari. Fim ya toshe wannan kafa, domin mai kallo da kansa ya zama shaida: ga hamada, ga ayari, ga bayi. Sai dai hoto ya rage ƙarfin muryar dattijon nan mai tawakkali, wadda ke faɗin masifa ba tare da ɗaci ba. A ganina, fim ya riƙe labarin, amma wannan natsuwa sai a littafin.