Keɓaɓɓun Kalmomin Aljabara da Ilmin Gado: Sharhi Daga Agege

Littafin *Vocabulary of Primary Science and Mathematics in Nine Nigerian Languages*, wanda aka buga a 1987, ya tanadar wa Hausa kalmomin lissafi, sai dai iyakarsa firamare. Da zarar an shiga aljabar sakandare, musamman babin warware ninki, watau mayar da jimla irin x² + 5x + 6 zuwa (x + 2)(x + 3), sai malami ya rasa madogara.

Giɓin ya fi fitowa fili a wurare irin su Agege ta Legas, inda cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa suka tara Hausawa. Manufar ilmi ta 1977 ta tanadi a fara karatu da harshen uwa ko na al'ummar wurin, a Agege kuwa harshen nan Yarabanci ne. Saboda haka ɗan Bahaushe ba ya saduwa da lissafi cikin Hausa sai a kasuwa da makarantar ilmi.

A makarantar ilmin ne maganin yake. Malaman gado, masu karantar da littattafai irin su *Muhtasar* na Halil, sun daɗe da kasa dangantakar adadi biyu gida huɗu: tamasuli, kamar 6 da 6; tadahuli, kamar 3 da 6; tawafuƙi, kamar 4 da 6; sai tabayuni, kamar 3 da 4. Ke nan idan aka mayar da 4x + 6y zuwa 2(2x + 3y), tawafuƙi da rabi aka fitar. Haka kuma (x + 2) tana da tadahuli cikin jimlar farko, alhali tsakaninta da (x + 3) tabayuni ne. Ba abin mamaki ba ne, domin littafin Alhawarizmi na ƙarni na 9, wanda aljabara ta samo suna daga gare shi, cike yake da matsalolin wasiyya da gado.

Kalmomin suna da iyaka: dangantaka suke nunawa, ba aikin kansa ba, don haka dole a haɗa su da aikatau irin “warware”. Duk da haka, wajibi ne masu ƙirƙirar kalmomi su fara zama da malaman zaure kafin su ƙago sabo, domin kalmar da ɗalibi ya riga ya ji a bakin malaminsa ta fi saurin kama ƙasa.