Jinjina ga Tafintocin Sayam Forage

Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage a ƙarshen 2014, bayan mutanen Damasak sun tsallako kogin Komadugu suna gudun Boko Haram, akwai masu aikin da ba a cika ambata ba: tafintoci. Likitan ƙwaƙwalwa Faransanci yake yi, uwar da ta rasa ɗanta kuwa sai Barbarci. Tafinta ke zama tsakaninsu a kan tabarma, yana isar da maganarta ba ƙarin gishiri. In kuka ya ci ƙarfinta, shi ma ya dakata. Sau da yawa shi kansa ɗan gudun hijira ne. Gobe su haɗu a bakin famfo, ya gaishe ta, ya riƙe sirrinta.