Abota da Albashi a Tsakani: Direban Daisy da Baran Harold

A shekarun 1980 wani salon wasan daɓe ya yi tashe a Amurka, inda ake haɗa farar fata da baƙar fata a wuri matsattse, a ƙyale su har sabo ya shiga tsakani. 'Yan wasa ba sa wuce uku, kuma ba wurin gudu: ko cikin mota, ko shagon shayi ana sheƙa ruwa a waje. Abin da masu tafi ba su cika kulawa da shi ba shi ne, ɗaya daga cikin aminan nan yaron gidan ɗayan ne.

Driving Miss Daisy na Alfred Uhry, wanda aka fara nunawa a New York a 1987, ya kuma ci kyautar Pulitzer a 1988, ya bi zaman shekara 25 tsakanin Daisy, Bayahudiya tsohuwar malamar makaranta a Atlanta, da Hoke, direban da ɗanta ya ɗaukar mata a 1948. Daisy ta sha cewa ita ba ta da wariya. Amma ranar da gwangwanin kifi guda ya ɓace a gidan, da sassafe ta kira ɗanta don a sallami ɓarawo, sai ga Hoke ya shigo riƙe da sabo ya mayar da wanda ya ci. Nan gwanintar Uhry take: ƙyamar masu ladabi, wadda ba ta zagi, sai dai ƙirga kaya. Da aka tayar da bam a wurin ibadar Yahudawan Atlanta a 1958, Hoke ya ba ta labarin mahaifin abokinsa da aka rataye a bishiya. Ta toshe kunne, wai ina ruwan wannan da wancan.

Duk da haka wasan yana lallaɓa mai kallo. Hoke ne ke haƙuri, shi ke shanye magana, har tsufa ya karya Daisy ta kira shi babban amininta. Sabo ne ya yi aikin, kuma an ce sabo turken wawa.

Athol Fugard bai yarda da wannan sauƙin ba. "Master Harold"...and the Boys, wanda aka buɗe a Jami'ar Yale a 1982, yini ɗaya ne tak a Port Elizabeth a 1950, zamanin mulkin wariya a Afirka ta Kudu. Hally, wato Harold, ɗan shekara 17 ne. Sam, ma'aikacin shagon mahaifiyarsa, ya zame masa uba. Sam ne ya goyo mahaifin yaron daga mashaya yana buge, shi ne kuma ya haɗa masa abin wasa na takarda da zare da iska ke ɗagawa, don yaron ya daina sunkuyar da kai. A ranar, Sam ya bar shi zaune a benci ya tafi, domin bencin na Turawa ne zalla, yaron kuwa bai lura ba. Da aka bugo waya cewa uban zai dawo daga asibiti, haushin bai sauka kan kowa ba sai Sam: Hally ya ce daga yau a kira shi maigida, sannan ya tofa masa yawu a fuska. Fugard ya faɗa da bakinsa cewa shi ya aikata hakan yana yaro.

A ganina wasan Fugard ya fi nauyi, domin ya nuna cewa ƙauna ba ta ƙwace bulalar da doka ta danƙa wa yaro. Ranar ɓacin rai zai lalubo ta. Kasuwa kuwa Daisy ta bi: fim ɗin wasanta na 1989 ya kwashe Oscar huɗu.

Gurgun salon dai iri ɗaya ne a wasannin biyu. Ba a taɓa kai mu gidan Hoke ko ɗakin da Sam ke kwana a lokacin ba. Jikar Hoke malama ce a kwalejin Spelman, amma a baki kawai muka ji ta, gab da a rufe labule.